Ƙafar Baturiya Mai Nono

Duk wanda ya taɓa shan fura a bakin tashar Burumburum cikin shekaru talatin ɗin nan, da wuya a ce bai san Baturiya ba. Ita ce doguwar Bafulatanar nan da ke zama a gindin dalbejiya, ƙorai uku a gabanta, kowace da faifanta, tana korar ƙuda da fushi a fuska. Sunanta na yanka ya ɓace tun tana goye. Farin fatarta ne ya jawo mata Baturiya, sunan kuma ya bi ta har ta yi jikoki.

Mace ce mai ƙyama, kuma ba ta ɓoyewa. Ba ta cin abincin biki idan ba ta ga hannun da ya tuƙa ba. Idan mai saye ya tsoma mata ludayi bayan ya kai baki, sai ta karɓe ludayin ta ajiye gefe, ta bi shi da kallon da zai hana shi dawowa har mako guda. Hancinta kuwa ba a magana. Daga nesa take gane nonon da aka haɗa da madarar gari, ko wanda aka tsinka da ruwa aka kaɗa masa garin kuka don ya yi kauri. In ta wuce masu irin wannan sana'a sai ta yi tsaki ta tofar da yawu, su kuma su ce ai fitinanniya ce, ita kaɗai ta iya tatsar saniya a duniya. Amma idan 'ya'yansu ba su da lafiya, wurinta suke aikowa a sayo kindirmo.

Tana shekara tara ta fara bin mahaifiyarta da ƙaramar ƙwarya a ka, daga rugarsu zuwa cikin gari, tafiyar awa ɗaya da rabi. A wurin uwar ta koyi aikin, kuma a wurinta ta gaji abin da take kira iri. Da yamma za ta tafasa madara, ta bar ta ta huce har ɗan yatsa ya iya jurewa, sannan ta zuba ludayi ɗaya na nonon jiya a ciki, ta rufe da faifai. Da safe kindirmo ya kama, ka karkata ƙwarya ba zai motsa ba. Tana rantsuwa cewa irin nan bai taɓa yankewa ba tun zamanin kakarta. Wataƙila akwai ɗan ƙari a zancen, amma babu wanda ya taɓa samun ƙarfin halin musa mata.

Shanu na mijinta ne, Maikano, haka ma gonar dawa. Abin da Baturiya ta mallaka na ƙashin kanta ƙafafunta ne. Ba ta hawa acaɓa da ƙwarya, domin girgizar babur tana tsinka kindirmo ya koma ruwa, ita kuwa gara ta kwana da yunwa da ta sayar da tsinkakken nono. Saboda haka kullum a ƙasa take zuwa, a ƙasa take komawa, rani da damina. Da tafiyar nan ta yi wa 'ya'yanta mata huɗu kayan ɗaki, da ita take sayen sutura, da ita take da bakin magana a gidan.

Shekara shida da suka wuce ciwon suga ya kama ta. Ƙishirwa ta dame ta, fitsari ya hana ta sakat, ta rame har awarwaronta yana zamewa. A asibitin Tudun Wada aka gwada jininta, wata ma'aikaciyar jinya mai suna Salamatu ta zaunar da ita ta yi mata bayani dalla-dalla: ƙwaya safe da yamma, ban da sukari a fura, takalmi rufaffe, kuma ta riƙa duba tafin ƙafarta kullum, don masu wannan ciwo sukan ji rauni ba su sani ba. Baturiya ta yi ta mita, amma ta bi. Tana dama wa jama'a fura da sukari, ita tana shan tata gaya. Duk wata sukan je karɓar magani tare da Hasana, mai soya ƙosai a tashar, wadda ita ma ciwon ke damunta. Jikinta ya dawo, tafiya ta ci gaba.

Sai Jamilu ya shigo da tasa.

Jamilu mijin 'yarta Humaira ne, mutumin Dangora ta ƙasar Kiru. Ba mugu ba ne, a gaskiya. Irin mutanen nan ne da kowace shekara suke da sabuwar sana'ar da za ta mai da su attajirai kafin sallah. Ya sayar da cajar waya, ya yi kiwon kaji suka mutu, ya gwada dillancin taki. A bana sai ya je Kano aka tara su a wani ɗakin taro kwana biyu, ya dawo da kati a rataye a wuya da akwatin ƙarfe ɗaure a bayan babur, cike da fararen robobin kafso. Tun daga ranar ya zama likita. Mutumin da bai san bambancin hanta da saifa ba sai a tukubar mai tsire, shi ne yake tsayawa a kasuwannin Bebeji da Kiru yana bayanin hanji.

Tsakanin Baturiya da shi kuwa akwai kunya irin ta mutanenta, wadda ba a wasa da ita. Shekara goma sha ɗaya da auren, ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai dai ta ce maigidan Humaira. Ba ta taɓa cin abinci yana wurin ba. Idan ya zo gaisuwa, daga bakin ƙofa yake cire takalmi ya durƙusa, ita tana ciki ta juya baya ta ja mayafi, Humaira ta tsaya a tsakani tana kai magana tana kawowa, alhali kowa yana jin kowa sarai.

A haka ya kawo mata maganin, wata ranar Laraba da hantsi. Ya ce wa Humaira ta gaya wa Inna sunansa furobayotik. Ya ce a cikin kowane kafso akwai wasu ƙananan halittu masu rai, ba sa ƙirguwa don yawa, kuma su ne dai waɗanda suke sa madara ta kama ta zama kindirmo. Ya ce masu bincike sun gano daga hanji ciwon suga yake farawa, waɗannan halittu kuma hanji suke gyarawa. Sai dai akwai sharaɗi. Ƙwayar asibiti tana kashe su, don haka dole a ajiye ta.

"Ki gaya wa Inna," in ji shi, "ita ai ba sai an yi mata dogon bayani ba. Abin da take yi a ƙwarya shi ne masu ilimi suka zuba a kafso. Ta riga su sani."

Nan ya same ta. Shekara arba'in da ɗoriya tana wannan aiki ana ce mata mai nono, yau ga wani yana cewa ta riga masu ilimi sani. Ta ji daɗi har cikin ranta, kuma daga baya wannan jin daɗin ne ya fi komai ba ta haushi. Ban da haka ma, kyautar suruki ce. Ba a mayar da ita, ba a tambayar daga ina ta fito. Ta ce wa Humaira ta ce an gode, Allah ya yi albarka. Da za su tafi, Humaira ta kwashe ragowar ƙwayoyin asibitin ta zuba a jakarta, wai maigidan ya ce kada Inna ta manta ta haɗa.

Makon farko lafiya lau. A na biyu ƙishirwa ta dawo, irin wadda ta sani. Ta fara tsayawa sau uku, sau huɗu a hanya tana neman bayan kurmi. Da Humaira ta kira ta a waya ta faɗa mata, sai ga amsa ta dawo da yamma: maigidan ya ce alhamdu lillahi, ciwon ne yake fita ta fitsari, a ci gaba.

Baturiya ba ta yi boko ba, amma ba a yi mata wayo a kan madara. Ta zauna ta yi tunani. In dai gaskiya ne abin da ke cikin kafson nan shi ne abin da ke cikin irinta, to ai gwada shi ba wuya. Da yamma ta tafasa madarar saniya ɗaya, ta raba ta a ƙananan ƙorai biyu, ta jira ta huce daidai yadda ta saba. Ta zuba irinta a ɗaya. A ɗayar ta ɓare kafso uku ta zazzage garin, ta juya, ta rufe duka biyun ta ajiye su wuri guda.

Da safe nata ya kama, fari tas, ƙamshinsa ya cika ɗakin. Ta ɗaga faifan ɗayar. Madarar tana nan tsululu, ta rabe, ruwa-ruwa a sama da wasu gudaji a ƙasa, ga wani wari mai tayar da zuciya. Ta kau da kai ta tofar. Don kada ta ɗauki alhakin kowa, ta sake gwadawa kwana biyu a jere, ranar ƙarshe har da kafso biyar. Duk ɗaya. Ta zubar a bayan danga, ta dirje ƙwaryar da yashi, ta shinshina, ta ga ba za ta iya sake zuba nono a cikinta ba, ta fasa ta.

A nata hukuncin magana ta ƙare. Ko ma mene ne aka zuba a kafson, ya mutu, in ma ya taɓa rayuwa. Ta ga yadda akwatin ƙarfen nan yake wuni a rana a bayan babur, har ba a iya dafa shi. Irinta ma da za a yi masa haka, da tuni ya lalace.

To, me ta yi da wannan sani? Ba ta yi komai ba, kuma nan ne abin takaicin yake. Kafin ta sami sabuwar ƙwaya sai ta je asibiti, a layin asibiti kuwa babu sirri. Kafin la'asar labari ya kai Dangora cewa surukar Jamilu ta koma wa ƙwayar asibiti, ma'ana ta ce maƙaryaci ne. Humaira na da tsohon ciki a gidan, a tsakiyar danginsa. Ta gwada gaya wa Maikano. Ya saurara yana gyara igiyar maraƙi, ya ce yaron nan ba zai cuce ta ba, kuma bai ga dalilin da za a ɓata zumunci a kan ƙwaryar madara ba. Da Hasana ta tambaye ta ranar zuwa asibiti, sai ta ce mata ta tafi kawai, ita tana da uzuri.

Ta ci gaba da haɗiyar kafson ma. Ba don ta yarda da shi ba, sai don duk lokacin da Humaira ta kira takan tambaya ko Inna tana sha, ita kuwa ba ta yi wa 'yarta ƙarya. Kowace safiya ta ɗauki abin nan da ta san gawa ne, ta runtse ido ta kora da ruwa. Robar na ƙarewa wata na isowa.

A wata na uku, wajen kaka, ƙaya ta huda takalminta ta shiga ƙarƙashin babban ɗan yatsan ƙafar hagu. Ba ta ji ba. Sai wajen alwala hannunta ya taɓa wurin. Ta cire ƙayar, ta shafa man shanu, ta ɗaure da tsumma, tana shafa ruwa a kai in za ta yi salla. Tunda ba ya zafi, ba ta ɗauke shi ciwo ba. Idonta ma ya fara hazo-hazo, ba ta ganin wurin sosai. Ta ci gaba da taka shi awa uku kullum da kaya a ka.

Bayan kamar kwana goma ta fara jin wari. Ta zargi ƙoranta, ta wanke su kaf ta shanya. Ta zargi faifai, ta sake sababbi. A tasha ta yi wa mai kifin da ke kusa da ita faɗa, ta ce ya matsa da ruɓaɓɓen kayansa. Ranar Lahadi wani direba da ya shekara ashirin yana shan furarta ya zauna, ya kai ludayi baki sau biyu, ya ajiye. Ya yi mata sallama ya tashi ya bar fiye da rabi. Ta bi shi da kallo, sannan ta duba ƙasa. Ƙudajen da ta saba kora daga bakin ƙwarya ba su kan ƙwarya. Sun taru baƙi ƙirin a kan tsumman ƙafarta.

Ta rufe ƙoranta, ta zagaya bayan masallacin tasha, ta kwance tsumman. Abin da ta gani da abin da ta shaƙa ya sa ta amai nan take. Yatsan ya yi baƙi, na kusa da shi ya kumbura, ruwa na tsatsafowa. Ita Baturiya, da take tofar da yawu in ta wuce nonon wasu, ita ce ta kwana goma tana zuba wa mutane fura da ruɓaɓɓiyar ƙafa a gefen ƙwarya. Ba ta taɓa jin ƙyamar wani abu kamar yadda ta ji ƙyamar kanta a ranar ba.

Maikano ya kai ta Tudun Wada. Da na'urar gwaji ta nuna yawan sugan, Salamatu ta dube ta ta tambayi yaushe rabonta da ƙwaya. Baturiya ta fito da farar robar ta miƙa mata ba tare da ta ɗago ba. Salamatu ta juya robar, ta karanta, ta ajiye. Ta ce irin waɗannan akwai masu kyau, ana ma bincike a kan ko suna ɗan taimaka wa mai suga idan yana shan maganinsa, amma ita ba ta san wanda ya isa ya maye gurbin magani ba, kuma duk wanda ya ce a ajiye ƙwaya ya ɗauki rai a hannunsa. Ta tambayi wa ya ba ta. Baturiya ta ce wani ne.

A ranar aka tura su Kano. Likitoci suka yanke yatsu uku da wani sashe na gaban tafin ƙafar. Suka ce ta yi sa'a, da ta ƙara mako guda da sai daga gwiwa. Ta yi wata ɗaya a gadon asibiti, ta dawo ruga da sanda. Za ta iya takawa zuwa bayi, wata rana ma har bakin garke. Amma ɗaukar ƙwarya uku a ka, a yi tafiyar awa ɗaya da rabi kindirmo bai girgiza ba, wannan ya wuce, kuma ta sani ba sai an gaya mata ba.

Kwana huɗu da dawowarta Jamilu ya zo dubiya da Humaira, wadda ta haihu lokacin da Baturiya take asibiti. Ya durƙusa a bakin ƙofa kamar kullum. Ya ce a gaya wa Inna ƙaddara ce, Allah ya sa kaffara. Ya ƙara da cewa yana zargin ko an ɗan haɗa da wani abu ne, don maganin bai taɓa ba kowa matsala ba. Baturiya tana kwance fuskarta a bango. Ta ce a ce an gode.

Suna nan sai ga Hasana ta yi sallama. Ta gaisa da Jamilu da fara'a har tana kiransa likita, ta shige ɗaki ta zauna a bakin gado. Baturiya ta juyo ta dube ta. Matar ta zube, wuyanta ya yi tsawo, leɓɓanta sun bushe. Kafin su gama gaisawa ta shanye kofin ruwa biyu ta nemi na uku.

Hasana ta yi ta jajantawa. Ta ce sun ji labari, wai ƙusa mai tsatsa ta taka, abin tausayi, ga shi kuma an ce sugan ma ya riga ya warke kafin tsautsayin. Baturiya ta tambaye ta wa ya ce ya warke. Hasana ta ce ai kowa ya sani. Likita yana faɗa a duk kasuwar da ya tsaya, har Riruwai, cewa surukarsa da kanta, Baturiya mai nono, wadda ba ta sa komai a baki sai ta tabbatar da shi, ta ajiye ƙwayar asibiti ta koma kafso.

"Ni da na ji haka ban ƙara tambaya ba, Yaya," in ji Hasana. "Na ce in dai ke kika sha, to mai kyau ne. Wata biyu ke nan ban je asibiti ba. Mu biyar ne a tasha."

Baturiya tana jin Jamilu a waje yana gyara zama, jaririyar Humaira tana ɗan kuka. Ta tashi zaune da ƙyar, ta jawo ƙafar ta ɗora a kan kujera, ta fara warware bandejin. Humaira ta leƙo ta ce Inna, likitan asibiti ya ce kada a buɗe. Ba ta kula ta ba. Ta warware har ƙarshe, dungulmin ya fito, ja da ɗinki, yatsu biyu a gefe. Hasana ta kai hannu ta toshe baki.

"Duba da kyau," in ji Baturiya, kuma ba ta rage murya ba. "Ba ƙusa ba ce. Suga ne. Na gwada abin nan a madara tun mako na uku, bai kama ba, na san matacce ne. Na yi shiru don kunya, na bar ku kuna sha da sunana. Gobe da safe ki koma asibiti, ki tafi da sauran huɗun."

Humaira ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da mayafi, Baturiya kuma ba ta dube ta ba, don ta san abin da ta jawo mata a Dangora. Ta ce wa Hasana ta cire takalmi ta miƙo ƙafa. Hasana ta yi dariyar kunya, ta ce ita lafiyarta ƙalau, babu inda ke mata ciwo. Baturiya ta ce ta miƙo dai.

Ta ɗora ƙafar a cinyarta, ta karkata ta wajen hasken ƙofa, tana bin tafin da hannu saboda idonta bai gama washewa ba. Ta dama ba komai. A ta hagu, a gefen dunduniya, ta taɓa wani wuri mai laushi da danshi, faɗinsa bai fi ƙwayar gyaɗa ba, gefensa ya fara duhu. Ƙunar man suya ce da ya fallatsa mata, ta ƙi warkewa. Ta sa babban yatsanta a kai ta danna da ƙarfi, tana kallon fuskar Hasana.

"Kin ji?"

Hasana ta leƙo tana neman inda ake nufi.

"Me zan ji, Yaya? Kin taɓa ne?"